Ranar da Aka Tuɓe wa Kwamfuta Riga

Wata Alhamis ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji shida na firamare a Sabon Birni, aka ɗauko kwamfutar gidanmu niƙi-niƙi aka fito da ita tsakar gida, aka ɗora ta kan teburin guga a gindin darbejiya. Dammunan gero na jingine a bakin rumbu, an janye awaki an ɗaure can nesa don kada su tauna waya, janareta kuma na ta ɓaɓatu a bayan zaure. Kakana, wanda duk unguwa ke kira Baba Malam, yana zaune kan buzunsa da carbi a hannu. Matan gida da na maƙwabta sun jingine taɓare sun yi layi a inuwar katanga, yara sun cika ko'ina har kan turaka. Ni kuwa ina tsaye gaban teburin, 'yar shekara goma sha ɗaya. A yammacin nan za a yanke ko kwamfutar ta zauna a gidan ko a fitar da ita, kuma in ta fita, wasana ya ƙare ke nan.

Kwamfutar tsohuwa ce, mai ƙaton gilashi da ƙeya kamar tulu, da dogon inji da ake tsayarwa a gefe. Kawunmu da ke aiki a Sakkwato ya kawo wa Baba Malam ita, ya zuba masa karatun Alƙur'ani a ciki, don idonsa ya fara rauni. Abin da Kawu bai faɗa ba, ko bai sani ba, shi ne 'ya'yansa sun bar wasanni biyu a ciki, tseren mota da ƙwallon ƙafa. An ajiye ta a ɗakin da ke jikin zaure, mai taga tana kallon inda mata ke sussuka. Ranar da ta iso, mahaifiyata, Inna, ta ji sautin karatu na fitowa daga cikinta, ta kama baki. A gidanmu ba a barin littafi a buɗe, kowane yana da gafakarsa ta fata, kuma ba a ajiye shi ƙasa. Kafin sati ya zagayo Inna ta ɗinka wa injin riga da yadin karammiski kore mai kauri, ta yi mata cin baki da zare ruwan ɗorawa, ta rufe shi tun daga sama har ƙasa, sai ƙananan kafofi na waya da wurin kunnawa. Duk baƙuwar da ta zo gidan sai an kai ta ta ga rigar kafin ta ga kwamfutar.

Yayana Sama'ila, wanda ya girme ni da shekara shida, yana cajin wayoyin mutane a zaure, don haka janareta kan tashi bayan la'asar. Baba Malam zai saurari izu ɗaya, ya tashi ya koma wurin ɗalibansa. Wannan ɗan tsakanin nawa ne. Nakan yi sauri in gama ɗebo ruwa, in ba awaki harawa, in wanke tukwane, wani lokacin ma ba su fita sosai ba, in faɗa ɗakin in ja kujera 'yar tsugune. Ba wanda ya koya mini. Na yi ta danna maɓallan kibod ɗaya bayan ɗaya har na gane wanne ke gudu, wanne ke ba da ƙwallo, wanne ke bugawa raga. Ni da ban taɓa taka ƙwallo da ƙafata ba, don mu 'yan mata namu shi ne carafke da 'yar gala-gala da gaɗa, sai ga ni ina juya ƙarti goma sha ɗaya da yatsu huɗu. Ban san yadda zan kwatanta daɗin da nake ji ba. Na san dai in na ci, nakan toshe bakina da gyale in yi ihu a ciki.

Amma kwamfutar tana da wani hali. Karatu za ta yi shi lafiya lau har Baba Malam ya gaji. Da an shiga wasa kuwa, sai ta fara da kyau, can a ji tana huci, 'yan wasa su fara tafiya da ƙyar kamar masu ratsa laka, daga nan komai ya tsaya cak, gilashi ya yi baƙi. Ban taɓa buga wasa ɗaya har alƙali ya hura tashi ba. Ban damu ba, don rabin wasa ma a wurina ganima ce.

A lokacin ne aka buɗe gidan gem a bakin tasha, inda ake jona wani ɗan akwati da talabijin, a ba kowa abin riƙewa da suke kira hannu. Samarin garin suka haukace. A makaranta, lokacin tara, ba wata hira sai ta gidan gem. Ni kuwa ban taɓa leƙa shi ba, kuma na san ba zan taɓa ba, don 'ya mace ko tsayawa ta yi a ƙofar wurin, labari zai riga ta isa gida. To amma bakina bai san wannan ba. Da na ji 'yan ajinmu suna cika baki sai in tsoma nawa, in ce kwamfutarmu ta fi akwatinsu. Su ce akwati ba ya tsayawa. In ce akwatinsu ya iya karatu? Su ce hannun gem har karkarwa yake in an ci. In ce ai tsoro ne ke kama shi. Su ce kwamfuta ta masu buga takarda ce a sakatariya. In ce to akwatinsu ya buga musu takardar jarabawa mu gani. Haka muke yi kullum a gindin bedi, wato darbejiyar makaranta, ni kaɗai a gefe guda, su kusan ashirin, har a buga ƙararrawa. Wani lokacin nakan koma aji muryata ta dishe, amma ban taɓa komawa da shiru ba.

Gardamar makaranta iska ce, ba ta cire wa kowa komai. Ta gida ce ta zo da haƙora. Wani ɗan kasuwa mai zuwa daga wajen Maraɗi, ana ce masa Ilu, ya ga kwamfutar ya yaba, ya ce wa Yaya Sama'ila zai karɓe ta ya ba shi akwatin gem da hannu biyu da ƙaramar talabijin. Yaya ya riga ya hango kansa da rumfa a tasha, caji a gefe, gem a gefe. Karatun Baba Malam kuwa, ya ce za a zuba masa a ƙaramar rediyo mai cin kati, wadda zai iya rataya a wuya ya tafi da ita ko'ina, ba sai an tada janareta ba. Gaskiya magana ce mai ma'ana, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kowa zai samu nasa a wannan musayar, ban da ni.

Sai dai a gidanmu akwai ƙa'ida. Mu gidan gandu ne: gona ɗaya ake nomawa a Tsamaye, rumbu ɗaya ake ci, kuma duk abin da ya shigo da sunan mai gida ya zama kayan gandu. Kowa yana iya yin abin da ya ga dama da amfanin gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa shi kaɗai, amma kayan gandu, ko tsohuwar garma ce, ba a sayarwa ba a musanyawa sai mai gida ya zauna ya ji ta bakin masu ci daga rumbun. A al'ada maza ne ke wannan zama. Mahaifinmu yana can Tsamaye wurin kwasar dawa, ya aiko cewa duk abin da Baba Malam ya yanke ya yi. Saboda haka ranar Litinin bayan la'asar Yaya ya durƙusa gaban buzu shi kaɗai, yana jero hujjojinsa. Ni aka aika da butar alwala. Na ajiye butar, na ja da baya taku biyu, na tsuguna, na ƙi tafiya.

"Ke Hajo, mi kika jira?" in ji Baba Malam.

Na ce, "Baba Malam, ni ma daga rumbun ga nika ci."

Yaya ya watso mini harara. Baba Malam ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ce, "Gaskiya ta. To, hwaɗi naki." Na faɗi nawa, duk abin da na saba faɗa a gindin bedi da ƙari. Yaya ya saurara har na gama, sannan ya kawo maganar da ba ni da amsarta. "Baba, kwamfuta ba ta gem ba ta, ta 'yan ofis ta. Ka tambaye ta, ko wasa guda ta taɓa kaiwa ƙarshe?" Na sunkuyar da kai, don ƙarya ba ta yiwuwa a gaban wannan buzu. Baba Malam ya ja carbi kaɗan, ya ce, "Ni ban san gem ba, kuma ba ni yanke magana bisa abin da ban gani ba. Alhamis ba karatu. In an taso la'asar ku hiddo ta tsakar gida, ku biyu ku buga in gani. In ta kai ƙarshe, ta zamna. In ta tsaya, Sama'ila ya kai ma Ilu."

Na fita daga wurin ina jin kamar na haƙa wa kaina rami ne da hannuna. Kwana biyun nan tuwo bai yi mini daɗi ba. Ranar Laraba da hantsi Inna ta sa ni share ɗakin kwamfutar, tunda gobe za a fito da ita gaban mutane. Ina cikin shara tsintsiyata ta maƙale a wayoyin baya, na tura hannu ƙarƙashin rigar don in kwance. Da na zaro hannun sai ya kama ƙaiƙayi, irin wanda duk yarinyar da ta taɓa tsayawa kusa da masu sheƙar gero ta sani, mai bin fata har hammata. Na leƙa ƙofa, ba kowa. Na ɗaga rigar a hankali, don ban taɓa ganin wani ya ɗaga ta ba. A bayan injin akwai wata 'yar fanka cikin raga, da ƙananan kafofi a gefe, dukansu sun toshe da ƙaiƙayin gero, ya dunƙule ya yi tauri kamar sheƙar tsuntsu. Duk sussukar da aka yi a gindin tagar nan, ashe rabonta na shiga ƙarƙashin karammiskin Inna ya kwanta.

Ban san komai game da cikin kwamfuta ba. Abin da na sani kawai shi ne fanka don iska ake yin ta, kuma wannan ba ta da inda za ta samu iska. Na tsinto gashin zabuwa a bayan ɗaki, na zauna ina zaƙulo ƙaiƙayin kaɗan-kaɗan ina hurawa, ina atishawa, idona ya yi ja. Da na gama na mayar da rigar yadda take, na daidaita cin bakin. Ban gaya wa kowa ba. Cire rigar gaba ɗaya kuwa ko a raina ban kawo ba, don wannan ba hurumina ba ne, kuma na san irin daren da Inna ta ɓata a kan ɗinkin nan.

To, ga mu ranar Alhamis. Ilu ma ya zo, ya tsaya bakin zaure da akwatinsa cikin leda, yana jiran a gama ya ɗauki kayansa. Ni da Yaya muka zauna kan benci ɗaya, kibod ɗaya, shi ɓangaren hagu, ni dama. Ya ɗauki masu jar riga, na ɗauki masu fara. Tun kafin a fara yake mita, wai wannan ba wasa ba ne, kamar mutum biyu ne ke cin tuwo a murfin kwano. Aka take. Yaya ya saba da hannun gem, manyan yatsunsa sai danna maɓalli biyu suke a lokaci guda, ɗan wasansa ya yi ta buga ƙwallo waje. Duk da haka shi ya fara ci, yaran unguwa suka ɗau sowa. Ban ko dube shi ba. Kunnena na kan injin. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ta tsaya ba, abin da ba ta taɓa yi ba, na ga Yaya ya waiga ya dubi Ilu.

An dawo ba da jimawa ba na farke, da wata ƙwallo da ta bi ta tsakanin ƙafafun golansa. A karon farko a rayuwata na yi ihun ci ba gyale a baki. Amma ihun bai gama fita ba na ji abin da nake tsoro. Hucin nan ya fara. 'Yan wasa suka shiga tafiyar laka. Rana ta kaka tana dukan karammiskin ta tsakanin ganyen darbejiya, na kai hannu na taɓa, zafi kamar murfin tukunya. Yaya ya jingina da baya ya harɗe hannu, ya ce, "To, ga halin nata nan. Baba, ka gani da idonka."

Na danna maɓallin dakatar da wasa, na sauka daga benci na durƙusa. Ban kalli wajen mata ba, don na san wanda zan gani. Na ce, "Baba Malam, ba gajiya ta yi ba. Zahi taka ji. A tuɓe mata riga."

Inna ba ta ɗaga murya a gaban surukinta, amma ranar na ji ta sarai. "Hajo! Kin manta mi anka aje ciki? Alƙur'ani na hwa. Tsirara za mu bar ta gaban mutane?" Na san ba rigar kaɗai take karewa ba, abin da ta yi imani da shi ne, da aikin hannunta. Na ji kunya ta rufe ni, na ji tausayinta, amma ban janye ba. Wata tsohuwa daga cikin maƙwabta ta ce yaran yanzu ba su da ta ido. Injin kuwa sai ƙara huci yake.

Baba Malam ya ajiye carbi. Ya miƙa hannu ya jawo gafakarsa da ke gefen buzu, ya kwance igiyar a hankali, ya zaro Alƙur'aninsa ya ɗora kan cinya, kowa na kallo. Sannan ya juya wajen Inna da murya mai taushi ya ce, "Ɗiyata, kin yi daidai da kinka yi mata sutura, Allah shi ba ki lada. Amma ni in za ni karatu, cikin gahwaka nika barin shi, ko hiddo shi nika yi? Riga ta ajiya ta. In an zo aiki, a tuɓe."

Ba wanda ya motsa, don ba wanda ya isa ya taɓa rigar nan. Inna ce da kanta ta taso, ta gyara lulluɓi, ta ratso tsakar gida. Ta kwance maɗaurin, ta zare rigar ta sama, ta kakkaɓe, ta ninke ta gida huɗu ta ɗora a kafaɗa. Wani zazzafan huci ya bugi fuskokinmu. Na ɗauka za ta koma cikin mata. Sai ta ce wa ƙanwata ta miƙo mata mafici, ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna a bayan injin, ta shiga yi masa fifita kamar yadda take yi mana in zazzaɓi ya kama mu. Ba ta dube ni ba, ta dai ce ƙasa-ƙasa, "To, tunda kin tara muna mutane, sai ki ci shi."

Muka ɗan jira hucin ya lafa, na saki wasan. 'Yan wasa suka zabura kamar an kwance musu dabaibayi. Daga nan ban ƙara jin komai ba, ban ga kowa ba. Na san dai Yaya ya daina mita ya sunkuyo da gaske, gwiwar hannunsa na turo tawa, ni ma ina turawa. Lokaci na gab da cika na ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili, na wuce mutum ɗaya, na wuce na biyu, golansa ya fito, na ɗaga ta sama da kansa. Ta faɗa raga. Kafin hayaniya ta kwanta alƙalin cikin kwamfuta ya hura usur mai tsawo, sautin da ban taɓa ji ba sai ranar. Matan da ba su san ko wace riga ce tawa ba suka ɓarke da guɗa, har tsohuwar da ta ce ba ni da ta ido. Awaki suka firgita suna jan turke. Na tashi na yi tsalle, na faɗa jikin Inna, mafici ya faɗi ƙasa, ina dariya ina hawaye.

Baba Malam ya bari aka natsa, ya tambaya ko an kai ƙarshe. Yaya, Allah ya ba shi lada, ya ce, "An kai, Baba. Kuma ta ci ni." Baba Malam ya ce, "To, ta zamna." Ilu ya maƙale ledarsa a hammata ya yi sallama. Washegari labari ya riga ni isa makaranta, kuma ranar a gindin bedi ban ce uffan ba, na zauna ina cin gyaɗata ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya Yaya ya noma albasa a gayaunarsa ya sayi akwatinsa da guminsa, ya buɗe rumfarsa. Har gobe in muka haɗu sai ya ce kibod ne ya cuce shi, in ce ai kibod ɗaya muka danna.

Kwamfutar ta ƙara shekaru a gidan. A kanta na koyi buga rubutu, ni da ƙannena mata da wasu 'yan matan unguwa da suka fara zuwa da sunan kallo. Inna ce ke tuɓe mata riga in za a kunna, ita ke mayarwa in an kashe, an kuma toshe tagar da buhu duk lokacin sussuka. Yanzu ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Sakkwato. Ɗalibaina ma suna gardama, wasu su ce waya ta fi daɗin gem, wasu su ce kwamfuta, in na ji su nakan yi kamar ina duba wani abu don kada su ga ina murmushi. Ba wadda take buƙatar durƙusawa gaban kowa kafin ta buga wasa.

Baba Malam ya rasu, gandu ya rabu, hanyar Tsamaye ma yanzu, saboda 'yan bindiga, ba a bin ta sai da dogon tunani da addu'a. Rabin waɗanda suka yi guɗa a ranar sun watse, wasu garin Isa, wasu nan Sakkwato, wasu sun tsallaka iyaka. Da Inna za ta baro gidan, cikin 'yan kayan da ta ɗauko har da koren karammiskin, ta ba ni. Ya yi wa kwamfutata ta yanzu yawa, amma da shi nake rufe ta, kuma in zan fara aiki sai na cire shi na ninke gida huɗu. Wannan ba ta huci, ba ta tsayawa, kowane wasa tana kai shi ƙarshe. Tsakar gidan da zan fito da ita ce babu.